Ramuka Bakwai a Filin Injiniya

Ranar Alhamis ce, cikin watan Oktoba. Ruwan da aka kwana biyu ana tsugawa ya ɗauke kafin asuba, ya bar ƙasa a jiƙe da sanyi mai shiga ƙashi. A wannan safiya aka tsinci gawar Injiniya Aminu a filinsa na Fort Washington, a ƙasar Turawa, can kusa da bakin kogi, kwance rubda ciki, an fasa masa ƙeya da shebur.

Filin ba gona ba ce. Aminu injin gano ƙarfe yake ƙerawa, irin wanda Turawa ke yawo da shi ranar hutu suna laluben ƙasa, ko Allah zai sa su dace da tsohon kwabo ko zoben da ya ɓata. Shekara shida da suka wuce ya binne kwabbai da zobba a filin, layi biyu iri ɗaya, kowane abu da zurfinsa, ya bar ƙasa ta kwanta a kansu don ya riƙa gwaji. Bana ɗan ƙaramin kamfaninsa, Taska, ya yi sabon inji da ake ta magana a kai. An shirya ranar Asabar za a kara shi da na Holbrant, babban kamfanin da ya riƙe kasuwar, a gaban masu sha'awar abin da masu ɗaukar bidiyo. An jefa kwabo don raba layi tun makon jiya, Taska ta sami layin bakin kogi, Holbrant ta sami layin titi. Injin da ya fi jin abin da ke ƙasa, shi shaguna za su yi rububi.

Sabon injin, wanda shi kaɗai aka ƙera, babu shi babu alamarsa.

Wanda ya ga gawar shi ne Abdul-Gafaru, ɗan zangon Kumasi, ƙaton mutum mai haɗa injinan kamfanin. Ya iso ƙarfe takwas, ya ɗaga shebur ɗin da hannunsa, ya rungumi maigidansa har jini ya ɓata masa riga, sannan ya kira 'yan sanda. Sawun da ke kewaye da gawar na takalminsa na roba ne, wanda yake ajiyewa a rumfar kayan aiki. Kafin la'asar sun tafi da shi.

Ranar Juma'a a harabar masallaci an riga an gama yanke hukunci. An gan shi yana shan shayi da Alexander, Bature wakilin Holbrant. An ji Abdul-Gafaru da marigayin suna ɗaga murya ranar Talata. Wasu ma suka ƙara da cewa dama mutanen zango ba a gane cikinsu.

*

Almu yana barcin safe bayan ya tashi daga gadi aka buga masa ƙofa. Dattijo ne siriri, mutumin wajen Dakoro a Nijar. Shekara talatin yana bin sawun shanu da raƙuman sata, har jandarmomi, 'yan sandan can, kan aiko mota a ɗauke shi. Yanzu wani sito yake tsaro da dare, yana kallon talabijin ɗin kyamarori, idanunsa na lalacewa a banza.

Azaratu ce, matar Abdul-Gafaru, da tsohon ciki haihuwa yau ko gobe. Ta ƙi zama. Ta dafa ƙofa.

"Baba, sun hana beli. Lauya ya ce idan abin ya tabbata, shi da fitowa har abada."

"Mi ya haɗa shi da Baturen nan?"

"Aiki ya yi masa tayi. Ya ƙi, Baba. Ya dawo gida ya ce mini ba zai bar Injiniya ba."

"Faɗan Talata fa?"

"Injin ne bai gama gyaruwa ba. Ya ce a ɗaga gasar, Injiniya ya ce a'a, zai gyara kafin Asabar. Shi ke nan faɗan." Ta share hanci da bakin mayafi. "An ce a garinku kana karanta ƙasa. Ka je ka karanta mini wannan."

"Ɗiyata, ƙasa ba ta san ɗan uwa ba. In ta ce shi ne, haka zan faɗa miki."

"Ka faɗa mini."

Almu ya ɗauki hularsa.

*

Gidan marigayin a Mitchellville yake, cike da 'yan gaisuwa. Hajiya Furera, matarsa, tana zaune a ƙasa cikin kayan takaba. Almu ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Hajiya, ya haƙuri?"

"Da godiya, Malam Almu."

"Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta."

Ƙanenta Fatihu, haifaffen Fagge, wanda ke kai kayan kamfanin shaguna, ya tsaya a kansa. "Malam, idan matar ɓarawon nan ce ta turo ka, gara ka koma. Nan ba dajin Nijar ba ne, raƙumi bai ɓata ba."

"Fatihu, dattijo ne," in ji Furera. Ta juyo. "Me kake so ka sani?"

"Yaushe ya fita?"

"Yana idar da sallar asuba. Bai ko karya ba. Ya fito daga garejin da yake aiki yana murmushi, ya ce, Furera, matsalar nan ina jin na kama ta. Ya ɗauki injin ya ce zai je ya gwada kafin kowa ya zo."

"Wa ya san zai tafi?"

"Babu. Ni ma a lokacin na sani."

"Su wa ke da makullin filin?"

"Shi, da Abdul-Gafaru, da Fatihu, sai Alhaji Khalil, abokin kasuwancinsa."

Ta sa aka ɗauko wani littafi mai baƙin bango. A ciki Aminu ya zana filin da hannunsa, kowane abu da inda yake da zurfinsa. Fatihu ya yi tsaki ya fita.

*

Sai ranar Lahadi 'yan sanda suka cire igiyarsu daga filin. Ruwa bai sake sauka ba, jan laka kuwa ya riƙe komai kamar an rubuta. Almu ya zo da hantsi, lokacin da rana ke kwance tana ba kowane sawu inuwarsa. Inda gawar ta kwanta an tattake shi, bai ɓata lokaci a nan ba. Ya kama sawun takalmin roba daga bakin rumfa.

Takalmin ƙato ne, amma ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Gaban sawun bai nutse ba, diddigen kuma yana ɗan jan ƙasa kafin ya ɗaga. Abdul-Gafaru ya kai buhu biyu na gero a nauyi. Wannan bai kai ba.

Sawun ya bi layin bakin kogi. A wuri bakwai an taɓa ƙasa. Almu ya tsuguna a kan na farko ya daɗe. An jawo ƙasa sau ɗaya da cikin ƙafar hagu, an danna da diddige sau ɗaya, sai taku na gaba. Na biyu haka. Na bakwai haka. Wani abu ya taɓa shi a ƙirji, kamar ya ji muryar wani da ya sani a tsakiyar kasuwa, amma ya kasa tuna ko wane ne.

Ya soka siririn ƙarfe a gefen rami na uku. Yatsa huɗu ya shiga ya taɓa kwabo. Littafin Aminu ya ce inci goma sha biyu. Ya gwada sauran, duk an taso da su sama. Ya haye layin titi, na Holbrant. Babu wanda ya taɓa shi.

Daga rami na bakwai sawun ya shige bayan rumfa, ya fito ya haɗu da na Aminu. Sun tsaya fuska da fuska, sun daɗe, don ƙafafun sun nutse. Sannan Aminu ya juya baya ya yi taku uku wajen motarsa. Bai yi na huɗu ba. Bayan haka takalmin roba ya ruga bakin kogi, ya tsaya, ƙafar dama ta kafe kamar ta mai jifa, ya dawo rumfa.

Almu ya kwaso bokitai bakwai daga rumfar ya kife a kan ramukan, ya ɗora duwatsu.

*

Ya sami Alexander a wani otal kusa da College Park, jan Bature mai ƙaton agogo, yana haɗa kayansa. Da Turancinsa na gadi suka fahimci juna.

"E, na yi masa tayin aiki. Hannunsa na da kyau. Ya ce mini a'a, har ya biya kuɗin shayinsa da kansa."

"An ga motarka wajen filin ranar Laraba."

Alexander ya ja numfashi. "Na je. Na tsaya a titi cikin ruwa ina leƙe. An ce injin nasu yana jin zinariya a cikin jan laka, inda namu ke kurmancewa. Idan gaskiya ne, ni aikina ya ƙare. Amma ban shiga ba, ba ni da makulli. Ranar Alhamis da asuba kuma ina filin jirgi ina jiran shugabana, 'yan sanda sun duba."

Almu ya zana masa layi biyu a bayan takarda. "In mutum ya tono kwabo ya maido shi sama, a layi guda, wa ya taimaka wa?"

"Wane layin?"

"Na kogi."

Baturen ya ajiye rigar da ke hannunsa. "Wannan ai nasu ne. Abin da ke inci huɗu ko injin wasan yara zai ji shi. Mutanen za su ɗauka inci goma sha biyu ya jiyo." Ya girgiza kai. "Wanda ya yi wannan so yake Taska ta ci. Amma bai san aikin ba. Mu ba haka muke tono ba. Yanka ciyawa ake yi kamar murfi, a ɗaga, a mayar da hannu, ba wanda zai gane."

Almu ya fito. Ya wanke baƙo, ya mayar da laifin cikin gida. A cikin gidan kuwa, wanda ya fi kowa sanin injin bai gyaru ba shi ne Abdul-Gafaru.

*

Ofishin Taska ɗaki biyu ne a saman wani shago. Alhaji Khalil ya tarbe shi da hannu biyu. Fari ne, matsakaici, takalminsa na fata yana ƙyalli. Shi ke tallata injinan, shi ke magana da shaguna. Kowa ya san shi da cewa a unguwar Nasarawa ta Kano ya tashi.

"Baba Almu, zauna. A kawo maka shayi, ko sai irin naku mai ɗaci?" Ya yi ɗan murmushi, murmushin ya mutu. "Shekara ashirin da biyu muna tare da Aminu. Ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a."

"Ka san injin bai gyaru ba?"

"Na sani. Na kuma riga na gaya wa shaguna goma sha ɗaya cewa ya gyaru. Aikina ke nan, in yi magana, shi ya cika ta."

"Da an faɗi ranar Asabar fa?"

"Da mun rufe." Ya murza ido. "Yaron nan Abdul-Gafaru, ban so in zarge shi. Amma mutum mai jiran haihuwa, ga Bature da albashi ninki biyu... Allah dai ya kyauta."

"Ranar Alhamis da asuba kana ina?"

"A gida. Iyali sun tafi Kano, ni kaɗai ne."

"Kana zuwa filin?"

"Ni da laka? Baba, ko fartanya ban taɓa riƙewa ba. Balle bayan ruwan nan. Ruwan Laraba ai ya shiga ƙasa ya fi taƙi guda."

Almu ya sha shayinsa ya yi godiya. Yana sauka daga bene maganar ta dawo masa. Mutanen birni da ya sani, idan an yi ruwa, cewa suke ya cika kwata, ya hana su fita. Bai taɓa jin wanda ya auna zurfinsa a ƙasa ba sai mai jiran shuka.

A nan kan matakala ya tsaya. Ya tuna inda ya san ramukan nan. Gonar mahaifinsa ce, washegarin ruwan farko. Tsoho a gaba da sungumi yana sara, yara a baya da ƙwaryar iri. A jefa gero, a jawo ƙasa da ƙafa, a danna da diddige, a wuce. Ba a sunkuyawa, ba a dubawa. Yaron da ya yi damina goma yana wannan, ƙafarsa ba ta mantawa ko da kansa ya manta.

*

Ranar Talata Azaratu ta haihu, namiji. Almu ya je asibiti da 'yar ledar dabino.

"Ƙasar ta yi magana, Baba?"

"Ta fara. Mijinki ya taɓa noma?"

"Abdul? A zango aka haife shi, bayan tashar mota. Ko barkono bai taɓa shukawa ba."

Ta nuna masa bidiyo a wayarta. Ga Abdul-Gafaru a filin, durƙushe da ƙaton jikinsa, yana yanka ciyawa da wuƙa, yana mayar da ita da tafin hannu a hankali kamar mai lulluɓe jariri.

Daga nan Almu ya nemi mai binciken da ke riƙe da shari'ar. Sunanta Martha Chollom, 'yar Jos ce da aka kawo ƙasar nan tana shekara goma sha biyu, Hausarta ba ta gudu ba. Ta saurare shi hannu a harɗe.

"Baba, alƙali ba zai ɗaure mutum don diddige ba."

"Awo. Amma ki zo ki ga diddigen. Ki kuma sa a duba kogi, daidai inda zan nuna miki."

Ta zo ranar Laraba. Ya ɗaga mata bokitai ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki hoto, ta auna. Da ta miƙe ba ta harɗe hannu ba.

"Me kake so in yi?"

"Ki tara mini su ranar Asabar. Ki ce za a duba kayan da aka binne kafin a rufe filin."

*

Asabar ta zo da gajimare. Fatihu ya zo a madadin yayarsa, tun da mai takaba ba ta fita. Alexander ya zo. Alhaji Khalil ya zo cikin farar shadda. Martha ta tsaya gefe da 'yan sanda biyu.

Almu ya riga su. A wani gefe da ba a binne komai ba ya haƙa ramuka goma sha biyu a jere, ya bar ƙasar kowanne a bakinsa. Ya yi ta zuba musu bayani a kan zurfi da laka, yana soka ƙarfe yana zarewa, har Fatihu ya fara duba agogo.

"Malam, wannan karatun ka tara mu ka yi mana?"

"Na gama." Almu ya dafa ƙugu. "Bayana ya riƙe. Ku taimaka ku rufe mini su, kar wani ya karye. Huɗu-huɗu."

Alexander ya durƙusa ya fara turawa da hannu yana dannawa. Fatihu ya harbi ƙasar da kan takalmi, ta watse, ya sake harbi, ya yi tsaki ya ɗauko shebur yana bubbugawa da bayansa. Khalil ya dubi shaddarsa, ya tattare ta da hannu ɗaya. Yana yi wa Martha bayanin yadda zai kula da iyalin marigayin, ƙafarsa ta hagu ta jawo ƙasa, diddige ya danna, ya wuce. Ta jawo, ya danna, ya wuce. Kafin Alexander ya gama na farko, shi ya gama huɗu, bai ko kalli ƙasa ba.

"Alhaji, tsaya nan inda kake," in ji Almu.

Ya je ya ɗage bokitan nan bakwai. Idanu suna tafiya daga layin kogi zuwa bayan Khalil, suna dawowa. Kamar hannu ɗaya ya rubuta su.

"Wanda ya yi waɗannan ya sa takalmin Abdul-Gafaru, don kar nasa ya ɓaci," in ji Almu. "Takalmin ya yi masa yawa. Ya taso da kwabbai sama don injinku ya ci. Ya rufe ramukan kamar yadda ake rufe gero."

Khalil ya yi dariya, ba ta fito daidai ba. "To kai fa, Baba? Ba manomi ba ne kai? Ko a Dakoro da cokali kuke shuka?"

"Ni ma haka nake rufewa. Amma da dama nake ja. Kuma ranar ina wajen gadi har ƙarfe bakwai, kyamara shida na kallona."

"Na duba," in ji Martha. "Jiya kuma masu nutso sun ciro injin daga kogi, daidai inda ya nuna. Alhaji, ka ce kana gida. Za mu tambayi wayarka inda ta kwana da inda ta yi asuba. Ko za ka rage mana wahala?"

Almu ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya. "Garinku ina?"

"Kano."

"Kafin Kano."

Khalil ya dubi takalminsa. Jan laka ya manne a cikin ƙafar hagu, daga yatsa har diddige. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wani ƙauye ne bayan Gumel," ya ce. "Ko Aminu bai sani ba."

Ya saki shaddar, bakinta ya faɗa cikin laka.

"Na zo ne in gyara mana Asabar. Kwabo bakwai kawai. In mun ci, ya sami wata shida ya gama gyaransa, wa ya cutu? Ina kan na ƙarshe na ji motarsa. Na shige bayan rumfa. Ya kunna injin ya bi layin. A na uku ya tsaya, na ji yana cewa, inci huɗu? Ya kashe ya sake kunnawa. Inci huɗu. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, ya ɗauka gyaran ne bai yi ba. Sai ya ga ƙasar sabuwa ce."

"Ka fito," in ji Almu.

"Na fito. Ya haye layin titi ya gwada, inda ban taɓa ba. Ya ji zobe a inci goma sha huɗu, ras, kamar ƙararrawa. Ya gyaru. Ashe ya gyaru. Na ce to alhamdu lillahi, mu mayar da su yadda suke. Ya ce ƙasar da aka tona ba ta komawa, shekara shida na ɓata masa. Ya ce zai kira masu gasar ya gaya musu abin da na yi, da sunana. Na roƙe shi. Na ce Aminu, shekara ashirin na yi ina gina sunan nan. Ya ce shi ba zai ci da ƙarya ba. Ya juya."

Fatihu ya yi kansa da shebur, 'yan sandan suka riƙe shi. Bai yi ihu ba. Cewa kawai yake, "Kai ka yi masa wanka. Da hannunka ka yi masa wanka."

Alexander ya tambayi abin da ake faɗa. Martha ta gaya masa a taƙaice. Ya cire hularsa, ya tsaya yana kallon layin titi.

*

Sai ranar Laraba takardu suka kammala aka saki Abdul-Gafaru. An yi suna ranar Talata babu shi. Azaratu ta sa wa yaron Aminu, kamar yadda uban ya aiko daga ciki. Mutanen harabar masallaci suka zo barka da shinkafa da lemo, babu wanda ya tuna ya taɓa cewa komai. Fatihu kaɗai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ka yafe mini." Abdul-Gafaru ya ba shi hannu, bai ce masa ya shigo ba.

Ya buɗe injin da aka ciro daga kogi a kan teburin cin abinci. Ruwa ya cinye cikinsa. Gyaran da Aminu ya yi daren Laraba bai rubuta shi a ko'ina ba. Abdul-Gafaru ya yi wata biyu yana nema, bai kama ta ba. Kafin ƙarshen shekara Holbrant ta fitar da nata sabon injin, wanda har yanzu ba ya ji a cikin jan laka, shaguna suka saya tun da babu wani. Taska ta rufe.

Almu ya koma gadinsa. Furera ta aiko masa da littafin mai baƙin bango, ta ce ba ta iya ganinsa a gidan. A shafin ƙarshe, inda babu zane, ya rubuta da ajami abin da aka rasa, yadda ya saba yi wa masu shanu idan an gama bin sawu.

Mutum ɗaya, mai 'ya'ya uku. Inji ɗaya, da abin da ke cikin kan mai shi. Ƙasar shekara shida. Kwana goma sha uku na Abdul-Gafaru, da haihuwa da suna a ciki. Aikin mutum tara. Khalil, shekara talatin a kurkuku.

Kwabban bakwai suna nan inda aka bar su, yatsa huɗu a ƙasa.